Hannun da ke Bangon Gabas

A ƙasarmu ta Kurfai ruwa daga gabas shike zuwa. Hadari shi haɗu ta can, iska ta riga shi isowa, sannan ruwan shi zo a kwance shina dukan bango kamar da gayya. Bangon yamma sai shi yi shekara huɗu ba wanda ya taɓa shi. Na gabas kuwa kowace shekara sai an yi mishi yaɓe, in ba haka ba damina ta ci shi kana tsaye kana kallo.

Yaɓen waje aikin namiji ne. Ka haƙo laka a tabki bayan ya ƙafe, ka kawo ƙasar suri da kashin jaki da ƙaiƙayin hatsi, ka zuba ruwa, ka shiga ciki da ƙafa. Sannan ka bar ta ta tsima, kwana bakwai ko fiye, har ta yi baƙi tana wari. Sai ka hau tsani cikin zafin bazara, kana ɗiba da hannu kana maka wa bango. Tafi shi tsage, baya shi riƙe. Ka gama, ruwa shi zo shi wanke rabi, baɗi ka sake. Ban taɓa son aikin ga ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Ɗakin da nake magana a kai ni na gina wa mai ɗakina shekarar da anka kawo ta, a ƙauyenmu, ba nisa da Filinge. In na ce ni na gina, to, tubali na miƙa. Mai ginin taubashina ne, ɗan kawuna, magini tun shina saurayi, mutum mai kaifin baki wanda bai taɓa ganina ya ƙyale ni na wuce lafiya ba. Da munka gama, waje ya zama nawa, ciki ya zama nata. Ba zama munka yi munka raba ba, haka kowa ke yi.

Cikin kuwa ta yi mishi aiki. Farar ƙasa takan ba da saƙo a sayo mata a kasuwar Baleyara, ja kuma da kanta take haƙowa a gindin dutsi. Ta shafe bango da fari, ta zagaya shi da ja daga ƙasa zuwa gwiwa, sannan tun shafen bai bushe ba ta bi shi da yatsu uku tana jan zane kamar kunyar gona, shi lanƙwasa nan, shi koma can. Ta yi alkuki biyu a jikin bango, ɗaya na fitila, ɗaya na kwalli da madubi. Daɓen ɗakin da ruwan bagaruwa ta shayar da shi, ita da 'yan'uwanta mata suna bugu da maɗaɓi, har ya yi ja shina ƙyalli, in fura ta zube kana iya lashewa. Mata na tasowa daga wata unguwa wai aron taɓarya, alhali ɗakin sunka zo gani.

Akwai kuma wani abu da ta taho da shi daga gidansu. Uwarta mutuniyar Tondikandiya ce, ban sani ba ko duk ƙasar ke yi ko gidansu kaɗai. Ranar da anka yaye yaro, sai ta kwaɓa 'yar laka mai laushi, ta shafa a bangon gabas ta ciki, faɗin ɗan ƙaramin faifai, ta kama hannun yaron ta danna. In ya bushe ta bi shi da farar ƙasa a hankali da gashin kaza, don kada zanen tafin shi toshe. Hannun dama ake so, amma yaron da anka raba da nono a ranar ba shi jin magana, wanda ya samu shi ake dannawa, shi ya sa wasu dama ne wasu hagu. Na ɗan fari ba ita ta danna ba, kunya ta hana, ƙanwarta ta yi mata, ita tana tsakar gida tana tankaɗe kamar ba ta san abin da ake yi ba. Da haka da haka hannuwa sunka zama shida, a jere, daidai saman gadonta.

Na ukun na yarinyar da ba ta zauna ba ne.

Ranar yayenta ina gida, ni ma na ɗauke ta na kai ta jikin bangon. Tana riƙe da goriba a hannu guda tana gwaigwaya. Anka yi anka yi ta saki, ta ƙi, ta buɗe baki tana tsala ihu. Uwar ta ce, "To kawo wanda ke sake, mai taurin kan ubanta." Anka danna shi haka nan muna dariya. Bayan 'yan kwanaki na tafi biɗa, neman kuɗi, a Kwatano. Da zafi ya shigo sanƙarau ya faɗo garin, ya tafi da ita cikin kwana biyu. Ni sai bayan wata guda na ji, a tasha, a bakin wani ɗan garinmu da ya sauko daga mota. Shi tsammaninshi na sani. Ta'aziyya ya yi mini.

Ba mu da hotonta. Lokacin waya mai hoto ba ta zo ba, mai ɗaukar hoto kuma sai Filinge ranar kasuwa, wa zai kwashi 'yar shekara biyu shi kai ta? Kabarin yara ba a yi mishi alama, bayan damina biyu ko waɗanda sunka haƙa ba su iya nuna shi. Abin da ya rage nata a bayan ƙasa shi ne hannun nan. Mai ɗakina ba ta maganarta, ko da kuskure. Amma in tana shafen shekara nakan ga ta daɗe a wurin, kuma na ukun kullum ya fi sauran fari.

Na yi shekara goma sha wani abu ina zuwa Kwatano, ina lebura a shantiye, inda ake manyan gine-gine. Lakkwal, makarantar boko, aji uku na yi na fita, amma ɗaukar buhu ba shi son takarda. Can na ga abin da ya lalata ni. Na ga ana shafe bango da siminti sau guda, ruwan can da ya fi namu nesa ba kusa ba shina zuba a kai, ba abin da ke samunshi. Ni kuwa kowace shekara sai in baro aiki da wuri, tun ana neman hannu, don in zo gida in tattaka kashin jaki. Abin ya tsaya mini a rai. Wata shekara na sauka Filinge, na sayi siminti da ƙusoshi da giriyaji, wayar nan mai ido-ido da ake yi wa kaji shinge, na ɗora a amalanken jaki na shigo gari kamar wanda ya dawo daga Makka.

Taubashina ya zo ya tsaya, hannu a baya, shina kallon buhunan.

Ya ce, "Injiniyan Kwatano, an iso? Mi za a gina muna, filin jirgi?"

Na ce, "Abin da za shi kashe maka kasuwa. Daga bana na bar taka kashi."

"Kai da kashi ai ba ku rabuwa, bawana. Bangon ga za ka sa wa?"

"Shi."

Sai ya daina dariya. Ba safai shike dainawa ba, shi ya sa ban manta ba. Ya dafa bangon kamar mai dafa wuyan saniya, ya ce, "Ƙasa numfashi take yi. Ta sha ruwa yau, gobe rana ta fito ta fitar da shi. In ka sa mata rigar siminti, sha za ta yi ba fitarwa. Ka taɓa ganin an ɗaure wa jaki hanci da leda ya yi ƙiba?"

Na ce, "Ruwan ta ina za shi shiga? Kai ka san siminti kuwa?"

Ya ce, "Ban san shi ba. Ruwa na sani."

Mai ɗakina tana bakin murhu tana tsince zogale za ta yi kopto, kwaɗon ganye. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Maigida, in aikin ne ya ishe ka, bar shi, ni da yara muna yi." Maganar nan ita ta ƙara tunzura ni. A ce mace ta hau tsani a gidana ina da rai, gari na kallo. Na ce waje nawa ne, ta tsaya ga nata. Ta ci gaba da tsinta.

Kwana huɗu na yi. Na kakkafa ƙusoshi, na ja giriyaji, na watsa siminti, na goge shi sumul, har na zana tauraro a sama da bakin cokalin gini. Gaskiya ya yi kyau. Mutane sunka zo gani, karon farko da anka zo gidana ganin aikin hannuna ba nata ba. Damina ta zo ta dake shi ta tafi, ko gezau. Ta biyu haka. Ta uku haka. Maƙwabta biyu sunka yi koyi da ni. Duk ranar da na haɗu da taubashina a masallaci ko a hanyar gona sai in ce, "Ƙaƙa numfashin?" Shi kuma shi ce, "Shina nan. Ƙasa ba ta gaggawa, kai ke yi."

A damina ta huɗu, wata safiya mai ɗakina tana kakkaɓe shimfiɗa ta ce, "Ɗakin ga warin rijiya shike."

Na ce randarta ce ke tsatsa. Ta fitar da randar ta kai rumfa. Warin bai tafi ba. Sai jan da ke gindin bango ya fara ɓarewa, wani farin abu shina tsirowa a wurin kamar kanwa. Ta kankare ta sake shafawa, ya sake fitowa. Ta nuna mini, na ce farar ƙasar bana ce ba ta da kyau, an cuce ta a Baleyara. Na san ƙarya nake yi tun ina faɗi. Da ta tafi rijiya na zagaya baya na hau tsani, na ga tsaga siririya kamar gashi, ta taso daga gindin indararo ta gangaro har tsakiyar bango. Na ƙwanƙwasa da yatsa, ya amsa mini kamar ƙwarya a kife.

Nan ne ya kamata in je in durƙusa wa taubashina. Ban je ba. Bakinshi na tuna, da abin da za shi faɗa a gindin gawo inda dattawa ke zama. Na koma Filinge na sayo ɗan siminti a leda, na bi tsagar na liƙe ta kaf, na shafa mata toka don kada a gane sabo ne. Ina ganin na toshe inda ruwa ke shiga. Ashe na toshe 'yar ƙofar da shike samu shi fita.

Ita ba ta sake yi mini maganar ba. Abin da na riƙa gani, in an yi ruwa an ɗauke, sai ta ɗebo garwashi a kasko ta ajiye gindin bangon, ta ja gado baya, ta zauna tana fifita. Tana shanya bango kamar mai shanya jinjiri. Nakan leƙa in gani in wuce. Shekara biyu tana haka.

A shekara ta shida, cikin bazara, bayan azahar, ragon da muke kiwo ya je shina sosa jiki a kusurwa. Ina rumfa ina gyaran hauya na ji ƙara kamar an yar da tulu. Simintin ne ya ɓallo, faɗin ƙyaure guda, da giriyajinshi da ƙusoshinshi duka, ya kife a ƙasa. Ragon ya tsira. Na je na tsaya. Abin da ke bayan rigar nan ƙasa ce baƙa, ruɓaɓɓa, kamar tuwon da ya kwana uku a tukunya, gara ta yi hanyoyi a ciki tana kai da kawowa. Na sa yatsa ya shige. Na tura hannu ya shige har wuyan hannu.

Wannan karon na aika anka kira taubashina. Ya zo ya duba waje, ya nemi izini ya shiga ciki, ya daddanna, ya ɗaga kai ya kalli azara. Ina jiran shi ce injiniya, bai ce ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi.

Ya ce, "Shafenta na ciki kaɗai ke riƙe da shi. Kaurin yatsa biyu. Ruwan fari in ya zo da iska, azara za ta sauko."

Na ce, "A ɓamɓare simintin a yi mishi yaɓe mai kauri."

"A yaɓa wa mi? Gawa ko ka sa mata sabuwar riga ba ta tashi. Rushe shi za a yi, tun daga tushe, kuma kafin ruwa."

Tana tsaye a bakin ƙofa tana ji. Ta ce, "Ba a taɓa shi."

Na ce, "Ke, shi faɗo miki kina kwance?"

"Shi faɗo."

Taubashina ya so shi yi wasa kamar yadda ya saba da ita, ya ce, "Haba amarya, ai in gina miki wanda ya fi, ki saki wanga rago ki dawo gidana." Ba ta ko dube shi ba. Ni ta duba, ta kira sunan yarinyar. Shekara ashirin da wani abu ban ji sunan nan a bakinta ba. Ta ce, "Ina za ku kai mini ita?"



Ta ci gaba da kwana a ɗakin, na yi faɗa, na yi lallashi, na kawo yayanta ya yi mata nasiha, ta gaishe shi da ladabi ta koma ciki. Yaran duk sun watse lokacin, mata na gidan aure, auta na karatu a Filinge. Na kira babban a waya, shina Yamai shina gadi. Ya saurara ya ce, "Baba, ƙasa ce fa. Ku ɗauki hoto ku rushe kafin a yi asarar rai." Ban ga laifinshi ba, shekararshi shida da ta rasu. Munka nemo mai babbar waya a unguwa ya zo ya ɗauka. Fari a kan fari, cikin ɗaki mai duhu. Ya kunna wuta, abin ya ƙara wankewa. Ta karɓa ta duba ta ce, "Wanga ai zane ne a shanya," ta miƙa mishi abinshi.

Taubashina ne ya zo da dabara, bayan ya kwana biyu shina juya ta. Ya ce a jiƙa ƙaro shi narke, a shafe hannun da shi, a manna farin ƙyalle a kai, in ya bushe ya kama, a yanka kewaye da wuƙa, a zura bakin zarto ta baya a rabo shi da bangon, a tare da faifai. Na ce ya taɓa yi? Ya ce, "Wa ya taɓa samun taubashi irinka da har za a taɓa yi?" Ta saurara har ya gama. Ta ce ta yarda, amma ita za ta riƙe faifan, kuma a fara da na masu rai.

Haka munka yi. Na ɗan fari ya fito cif, ko ɓantare babu. Na biyu haka. Munka tsallake na uku. Na huɗu ya rabe biyu a kan faifai, ta ce ba komai, mai shi na nan da hannunta tana daka da shi a gidan miji, har munka yi 'yar dariya. Na biyar da na shida sunka fito. Raina ya fara dawowa. Sai taubashina ya sa bayan hannu ya taɓa na ukun, ya taɓa na kusa da shi, ya sake taɓa shi, ya dube ni. Ban buƙaci shi faɗa ba. Na ukun shi ne daidai bayan tsagar nan da ta gangaro daga indararo, wadda na liƙe na shafa wa toka. Duk jikin bangon ba inda ya kai nan laima.

Ya ce, "A ba shi wuta kwana uku, sannan a taɓa."

Ta kawo kaskonta. Munka ɗora shi a kan turmi a kife don zafin shi kai wurin. Ita ke fifita, ni ke kawo garwashi. Yini guda munka yi haka, munka shiga na biyu. Da la'asar ta yi sai gabas ta haɗe. Baƙi ƙirin, tun daga ƙasa har sama, iska ta fara kaɗa kaba, mata na kwashe shanya, awaki na shigowa da gudu. Na ruga na kira taubashina.

Ya taɓa ya ce, "Bai bushe ba."

Na ce, "Ruwan za shi jira ka? Ka ce ruwan fari za shi kayar da shi, ko ba kai ka faɗa ba?"

"Ni na faɗa. Amma hadarin fari ba duka ke zuba ba. A jingina tabarmi ta waje, a yi addu'a."

"Tabarma! Ka ga abin da ke tahowa kuwa?"

Ya juya gare ta ya ce, "Ke ke da abu. Mi kinka ce?"

Ta leƙa ƙofa ta kalli gabas, ta kalle ni. Ina ta faɗin a yi, a yi, kafin a rasa duka. Ni na cika mata kunne, ba ni ɗora wa kowa. Ta ɗauki faifai ta ce, "Ku yi."

Ya yanka kewaye a hankali. Ya zura zarto, ina riƙe da bakin ƙyallen ta sama. Ya shiga ba tare da ya yi ƙara ba, kamar cikin man shanu, a nan na san an yi ɓarna, don sauran duk sai da sunka yi ƙara. Hannun ya rabu da bango, ya zauna a kan faifai, na gan shi cikakke, da yatsunshi biyar, na ɗan lokacin da mutum za shi ce bismilla. Sannan ya kwanta. Ya wargaje daga tsakiya kamar dambu. Abin da ƙaro ya riƙe a jikin ƙyalle yatsu biyu ne da ɗan gefen tafi. Babban yatsa babu shi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye faifan a kan gado, ta ɗauko ɗan kwano mai murfi daga jerenta, ta sa yatsun da ƙyallensu a ciki, ta share garin da gefen hannu ta zuba a wani kwanon, har wanda ya zube a daɓe ta tsince. Ta rufe. Ta ce muna, "Sannunku da aiki." Ta fita ta hura wuta, don lokacin tuwo ya yi.

Hadarin nan bai zuba ba. Ya yi iskarshi, ya yi rugugi, ya bi ta kudu ya wuce, ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. Ruwan fari sai bayan kwana tara ya zo. Taubashina bai taɓa tuna mini da haka ba har yau, kuma tun ranar bai sake kirana bawanshi ba. Sunana shike kira, kamar baƙo.

Munka rushe bangon, munka tayar da sabo da tubalin ƙasa, munka mayar da azara kafin shuka. Maƙwabtan nan biyu, ɗaya ya ɓamɓare nashi da wuri ya tsira, ɗayan ya ce nashi simintin ya fi nawa kyau, shina nan shina jira. Hannuwa biyar ɗin suna cikin kwali a ƙarƙashin gado. Na ce wa masu su kowa shi zo shi ɗauki nashi, sun ce to.

Shekara uku ke nan. Bangon ta ciki shina nan yadda magini ya bar shi, ƙasa tsirara, ana ganin layin tubali. Sauran bangaye uku ma ta bar shafa su, farin ya koma ruwan toka, zanen yatsunta na dushewa. Na je Baleyara da kaina na zaɓo farar ƙasa mai kyau, na ajiye mata a bakin ƙofa. Ta ɗauke ta kai rumfa don kada a yi tuntuɓe. Tana can, buhun ya fara cinyewa. An yaye jikoki biyu a gidan ga, ba ta kwaɓa laka ba. Ba ta yi mini faɗa, ba ta gori. Tana dafa mini abinci, tana gaishe ni da safe, in baya ya riƙe ni tana dafa ruwan zafi. Da mutum za shi zo shi yini a gidanmu sai shi ce lafiya lau muke.

Biɗa na bari, jiki ya ƙi. Yaɓe kuwa kowace shekara ina yi, yadda anka gada, da tsimi da komai, har ina ƙara kwanaki. Bango ne mai kyau yanzu, shina numfashi. Ba abin da ke cikinshi.

Wani lokaci, in ta ɗauka ba kowa, takan buɗe ɗan kwanon. Duk buɗewa sai ɗan gari ya zube daga jikin ƙyallen. Na leƙa sau guda tana rijiya. Yatsun sun fara zama kamar ƙwayar gujiya biyu, wanda bai sani ba ba shi cewa hannun mutum ne.

Bana, ina tsakar gida cikin laka har ƙauri ina tattakawa, ta fito da kwanon a hannu ta tsaya a inuwar rumfa. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Maigida, goribar nan, a wane hannu take riƙe da ita?"

Na tsaya. Shekara ashirin da wani abu hannun nan na saman kaina, in shiga in gan shi, in fita in gan shi. Na nemi babban yatsan a raina, ko ƙofa shike kallo ko alkuki, ban same shi ba.

Ta ce, "Kai ka ɗauke ta."

Na ce, "Dama."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta mayar da murfi.

Ta ce, "Bara hagu ka ce."

Ta shiga ɗaki. Lakar ta fara kama mini ƙafa, na ƙara mata ruwa na ci gaba da taka.